Gidanmu na Bama: a gyara ko a rushe a sake?

Ɗan Bama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san gini su sa baki. Makon jiya na je Bama, zuwana na farko ke nan tun ranar da muka fito da ƙafa a watan Satumban 2014, da 'yan Boko Haram suka kama garin. Mutane sun fara komawa tun 2018 da aka buɗe hanya, mu ne dai muka maƙale a Yerwa, wato Maiduguri, saboda Baba ya kwanta ciwo har Allah ya karɓi abinsa, kowa kuma ya shiga neman abin sawa a baka. Yanzu tsohuwarmu ta kafe, ita dai a mayar da ita ɗakinta.

Ga abin da na tarar. Katangar waje ta ƙasa ce, ɓangaren gabas ya zube. Zauren tubali yana tsaye amma rufinsa ya rufta ciki. Ɗakuna huɗu na bulo suna nan, ba kwano, ba katako, ba ƙofa, ba taga, har wayar lantarki an zare daga jikin bango. Biyu daga ciki an cinna musu wuta, baƙi ƙirin har linta. Falon Baba mai dakin, wato rufin kankare, shi ma ya sha wuta, ta ƙasansa siminti ya ɓaɓɓalle, ana hango rodi ya yi ja. A ɗakin tsohuwa kuwa bishiyar maina ce ta fasa daɓe ta fito, ta ninka ni tsayi. Na tsaya a bakin ƙofar na kasa shiga.

Yayana ya ce a kankare baƙin, a yi fulasta, a buga kwano kafin damina, tunda bango yana tsaye. Ni zuciyata ta fi kwanta wa a rushe a sake. Amma kuɗin da muka haɗa ba zai yi sabon gida ba. Me kuka gani?

Maman Fanna: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ni ko karantawa na yi sai da na yi hawaye, don haka na tarar da namu.

Sajan Ritaya: Kafin magina su fara, bari in riga su. Ɗana, ka ce ka kasa shiga ɗakin. Gara da ka kasa. Garin ya yi wata shida a hannun 'yan Boko Haram kafin soja su ƙwato shi a Maris na 2015, kuma gidan da ba a zauna ba tun lokacin ba a shiga masa da shebur kai tsaye. Ka je wurin Bulama, wato mai unguwa, ya haɗa ka da jami'an tsaro su duba kangon tukuna. Kar a sa wa ciyawar wuta da sunan shara, harsashin da ya kwana a ƙasa ba ya son zafi. Duk ƙarfen da ba ku gane ba, ko galan, ko tukunya mai waya, kar a taɓa, kar a jefe shi da dutse. Yara kuma a hana su tsince-tsince, don su ne kullum abin ke ritsawa da su.

Auwal Ɗan Jami'a: Gaskiyar Baba Sajan. A Mosul ta Iraƙi, masallacin Nuri da 'yan IS suka tarwatsa a 2017, sai a 2024 masu aikin gyara suka gano bama-bamai biyar a cikin bangonsa. Shekara bakwai suna ciki, ga injiniyoyi na kai-kawo a wurin.

Ɗan Bama: Na gode Baba Sajan. Wallahi har na yi niyyar sa yara su ƙone ciyawar.

Injiniya Mai Hula: To bari in shigo. Malam, ka raba gidan nan gida uku a ranka, don kowane da hukuncinsa: falon dakin, ɗakunan bulo, sai ginin ƙasa. Na ƙasa zan bar wa Baba Magini.

Falon shi ya fi tayar mini da hankali. Baƙin da kuke gani hayaƙi ne, ba shi ne abin tsoro ba. Ka sami kurfi da guduma ka ɗan fasa jikin ginshiƙi ko ƙasan dakin, ka dubi launin kankaren na ciki. In toka-toka ne kamar yadda aka san shi, da sauƙi. In ya koma ruwan hoda ko ja-ja, zafin ya kai wajen digiri 300, kuma daga nan kankare ke fara rasa ƙarfinsa sosai. In ya yi fari-fari yana marmashewa a hannu, ya mutu. Sannan ka bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen kankare ƙara yake yi tsaf, wanda ya saki kuwa sai ka ji kamar ganga.

Amma ni ba wutar ce ma ta fi damuna ba, shekarun ne. Rodin da ya fito fili ya sha damina goma. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ture kankaren da ke lulluɓe da shi, ruwa ya ƙara samun hanya. Kuma ƙasan dakin, wato daidai inda ka ce ya ɓalle, nan ne rodi ke ɗauke da nauyin. In kuka shafe shi da fulasta kun rufe ciwo ne da riga. Dakin ba ya sallama in zai sauko.

Ɗakunan bulo kuwa ba sa ɗauke da komai sai kwano, don haka ana iya cetonsu. Ka duba tsagewa. Siririya wadda ta tsaya a fulasta ba komai ba ce. Wadda ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta tashi daga kusurwar taga ta karkata, ko wadda kake hango haske ta cikinta, wannan maganar tushe ce. Ka ɗaure dutse a igiya ka sako daga saman bango ka ga ko ya karkace. Ka kuma kankari bulon da ƙusa: in yana zubowa kamar gari, a sauke har inda ya yi tauri.

Yaya Modu: Ni ne yayan nasa, shi ya sako ni cikin zauren nan. Injiniya, ina girmama iliminka, amma ku kuna magana ne daga ofis. Rabin garin nan haka aka gyara shi, an kankare, an yi fenti, an buga kwano, mutane na ciki shekara da shekaru. Gidan wa ya faɗi? Kun san nawa buhun siminti yake kafin ya iso Bama? Tsohuwa tana ɗakin haya ɗaya da jikoki biyar. In muka tsaya sai an kawo na'ura an auna, sai ta mutu a gidan haya.

Injiniya Mai Hula: Yaya Modu, ban ce a kawo na'ura ba, guduma da ƙusa da igiya na ce. Kuma ban ce a rushe gidan ba. A kan ɗakunan da wuta ba ta ci ba ina bayanka, a rufa su gobe ma. Falon ne kawai ba zan sa hannu a kwantar da yaro a ƙarƙashinsa ba.

Baba Magini: Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini. Shekara arba'in da wani abu ina gini, na ƙasa da na bulo. Modu, ɗana, ka ji maganar Injiniya a kan falon nan. Na taɓa ganin wanda aka shafe irin haka, ya yi kyau kamar amarya, damina ta biyu ya sauko da asuba. Allah ya sa mutanen gidan suna masallaci.

Zauren kuwa kar wanda ya taɓa shi da sunan rushewa. Wuta ba ta kashe ginin ƙasa, in ma ta yi yawa gasa shi take yi kamar tukunya. Azara da zana da katako su take ci. Abin da ke kashe shi ruwa ne, na sama da ke shiga ta kan bango in ba rufi, da na ƙasa da ke kwanciya yana cin gindi. Ka tsuguna ka duba gindin bangon ciki da waje. In ya zaizaye ya shige ciki fiye da faɗin tafin hannu, sai an yi masa ciko kafin a ɗora komai. Ka soka guntun rodi a wurare da yawa, in ya shige da sauƙi to gara ta cinye ciki. Saman bango kuma a sauke kamu ɗaya ko biyu da ruwa ya ruɓar, a sake ɗorawa.

Ƙasar katangar da ta zube kar ku zubar, kar kuma ku sayi wata. A tara ta, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a sake murza tubali. Tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa kama jiki. Abu ɗaya na hana ku: kar ku shafa wa bangon ƙasa siminti kai tsaye. Ba sa jituwa. Simintin zai riƙe danshi a ciki, wata rana ya ɓallo faifai guda ya taho da naman bangon.

Hajiya Ta Gwange: Baba Magini Allah ya ƙara lafiya. Amma fa a faɗi gaskiya, yaran yanzu wa zai yarda ya zauna a ginin ƙasa? Da ka ce tubali sai a ce talauci.

Baba Magini: Hajiya, su kwana ɗakin bulo mai kwano ba silin a watan Afrilu, sa dawo mu yi magana.

Auwal Ɗan Jami'a: Abin da Baba ke faɗa shi aka yi a Timbuktu ta Mali. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rurrushe hubbarorin waliyyan garin. Da aka zo sake ginawa, UNESCO ba ta kawo kamfani daga Faransa ba, maginan garin na gado aka ba aikin, da ƙasa da dutsen da suka saba, suka gama 14 a 2015. A 2016 kuma kotun duniya ta ICC ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 kan rusa su. A Mosul ma hasumiyar masallacin nan, wadda ake kira al-Hadba saboda ta karkace kamar mai doro, mutanen gari cewa suka yi a mayar musu da ita a karkacenta. Aka tsince tsofaffin tubalanta daga ɓaraguzai aka sake amfani da su. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ba da kusan dala miliyan 50.

Abu Sumayya: To shi gini a kan kabari ma ai sai an duba hukuncinsa tukuna kafin a yaba.

Admin: Malam Abu Sumayya, wannan babi ne mai zaman kansa, kuma mun san inda yake kai mu. Gidan bawan Allah ake magana.

Yaya Modu: Auwal, ka ce dala miliyan 50? Mu abin da muka haɗa ko naira miliyan uku bai cika ba. Ka bar Mosul inda take.

Auwal Ɗan Jami'a: Haka ne Yaya, na tuba. Tsince tsohon bulo dai kyauta ne.

Kakan Yara: Ni tambayata ina gwamnati? An kafa ma'aikata guda ta sake gine-gine da tsugunar da jama'a a Borno tun 2015 zamanin Kashim Shettima, Zulum ne ma kwamishinanta na farko. An kafa hukumar raya Arewa maso Gabas. Me ya sa marayu za su riƙa haɗa taro da sisi?

Malam Na Lissafi: Kaka, an yi aiki, wanda ya ga Bama a 2015 ya gan ta yau ba zai ce ba a yi ba. Amma dubi girman ramin. Ƙididdigar da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi da gwamnati a 2016 ta ce ɓarnar Arewa maso Gabas ta kai wajen dala biliyan 9, kusan biliyan 6 a Borno kaɗai, kuma gidajen zama ne suka fi yawa a ciki. Wannan na 2016 ne fa, ba a sa abin da ya biyo baya ba, ba a sa ambaliyar madatsar ruwan Alau ta 2024 ba. Babu kasafin jihar da zai rufe wannan. Gwamnati makaranta da asibiti da rukunin gidaje take iyawa, kangon kowane mutum kuwa yawanci mai shi ne zai tashe shi.

Maman Fanna: Rukunin gidajen ma akwai magana a kai. Ba zan kama suna ba, amma ƙanwata an ba ta ɗaya a wani gari. Mun gode Allah, ya fi tanti. Sai dai ɗaki biyu ne a jere suna kallon titi, ba katanga, ba zaure. Baƙo namiji in ya zo sai ya tsaya a rana yana sallama, ita kuma tana wanke-wanke a gabansa. Abin da suka fara yi da suka shiga shi ne kewaye gidan da zana da tsohon buhu. Sannan bulon, in kika jingina tabarya sai ya bar rami. Ko bulo nawa ɗan kwangilar ya buga da buhu ɗaya, Allah masani.

Auwal Ɗan Jami'a: Anti, shi ya sa na Ngarannam a ƙaramar hukumar Mafa ya yi suna. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, da gwamnatin jiha suka yi, aka buɗe a 2022. Mai zanen, Tosin Oshinowo, 'yar Legas ce, amma ta zauna da mutanen garin tun suna gudun hijira ta ji yadda suke zama, aka sa wa gidajen zaure da tsakar gida.

Maman Fanna: To ka ji. Tambaya kawai.

Ɗan Diffa: Gaisuwa daga Nijar. Mu ma nan gefen Komadugu haka ne, tun 2021 aka fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da Baroua. Shawarata ɗaya: kar ku zuba duk abin da kuke da shi a bango lokaci guda. Ku rufa ɗaki biyu, ku shiga, ku ga yadda gari yake kwana yake tashi. Na san wanda ya sayar da shanunsa ya gama gida tsaf, wata huɗu aka sake korar su.

Bahaushen Omdurman: Muna karantawa daga Sudan kamar labarinmu ake yi. Waɗanda suka koma Khartoum bayan soja sun karɓe ta a 2025 haka suka tarar, bango na nan amma an zare waya saboda tagulla, an cire famfo da ƙofofi. Ku fara da ƙofa mai ƙarfi da wanda zai kwana a gidan, in ba haka ba kwanon da kuka buga da rana da dare zai bi wani.

Alaramma: Akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma ya fi tsagewar bango haɗari. Malam ya ce mahaifinsu ya rasu. An raba gado? In ba a raba ba, gidan nan na magada ne duka, har da mata da ke gidan aure da ita mahaifiyar da ke da tumuninta. Yau Modu zai sa dubu ɗari takwas, ƙaninsa ya sa miliyan, wata ta sa ɗan kunnenta. Bayan shekara goma 'ya'yanku ne za su tsaya gaban alƙali, wannan na cewa ubana ya gina, wancan na cewa filin kakanmu ne. Ko dai a raba yanzu, ko a rubuta abin da kowa ya sa da sunan da ya sa shi, bashi ne ko kyauta, shaidu su sa hannu. Kuma tunda katangar gabas ta zube, kar ku ɗora tubali ɗaya sai maƙwabcin wannan ɓangaren ko magajinsa yana tsaye, da Bulama, da dattawan unguwa da suka san iyaka.

Ɗan Bama: Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke mana ciwo. Ba a raba ba. Takardar filin ma tana cikin akwatin Baba a falon da ya ƙone. Maƙwabcin namu na gabas kuma tun ranar da aka fita ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ɗansa dai an ce yana Kamaru, a Minawao.

Alaramma: To a nemi ɗan ko a waya ne, a kira shi a gaban shaidu. In ba a same shi ba, ku bi tsohon tushen katangar, yana nan a ƙasa in aka tona. Kar ku ƙara ko taki ɗaya.

Yaya Modu: Wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ta falon ce har yanzu nake jinjinawa. Baba da hannunsa ya tsaya aka zuba dakin ɗin nan.

Injiniya Mai Hula: Na fahimta Yaya. Ka je da gudumar da kanka. In ya yi maka ƙara mai kyau ko'ina, ka turo hoto, zan janye maganata a gaban kowa.

Ɗan Bama: Salam 'yan zaure, na dawo da bayani bayan sati uku. An duba kangon, ba a sami komai ba sai kwanson harsashi, alhamdu lillahi. Mun je da Yaya da wani tsohon birkila. Ɗakuna biyun da wuta ba ta ci ba lafiyarsu ƙalau, har an ɗora katako. Ɗaya daga cikin masu baƙin za a sauke shi zuwa taga. Zauren gindinsa ya ɗan ci ta arewa, za a yi ciko yadda Baba Magini ya ce. Falon kuwa Yaya da kansa ya buga guduma, faifan kankare kamar murfin tukunya ya faɗo kusa da ƙafarsa, cikinsa ja-ja. Bai ce komai ba, ya dai tura a kira masu fasawa. An sami ɗan maƙwabcinmu a waya, ya wakilta kawunsa. Takardar kuɗin da kowa ya sa ma an rubuta, kowa ya sa hannu har ƙannenmu mata.

Saura magana ɗaya. Mun nuna wa tsohuwa hoton ɗakinta, muka ce za a sare mainar a rufa mata. Ta daɗe tana kallo, ta ce bishiyar da ta yi mata gadin ɗaki shekara goma ba za a sa mata gatari ba, a bar wurin ya zama inuwa, a ba ta ɗakin kusa. Injiniya, saiwar ba za ta dame mu ba?

Injiniya Mai Hula: Za ta dame ku in kuka ƙyale ta, maina saiwarta na tafiya. Ku sauke bangon ɗakin gaba ɗaya, ku haƙa rami tsakaninta da tushen ɗakin kusa, zurfin ƙugu, ku datse saiwar da ta nufi can, ku jera bulo cike da kankare a ramin kafin ku mayar da ƙasa. Rassan da suka hau kan kwano kuma a riƙa sassabe su kafin damina. Taku nawa ne daga gindinta zuwa bangon?

Ɗan Bama: Ban auna ba. Jibi zan koma, zan tafi da tef.